Abin da Ke Sa Na'urar Riƙe Gudu Ta Saki Babur Mai Ƙafa Uku a Hanya Mai Gargada

Gabatarwa

A ƙasashen Amurka da Kanada da wasu sassan Turai akwai wani irin babban babur mai ƙafa uku da ake yin doguwar tafiya a kansa. Cikin kayan da aka ƙawata shi da su har da wata na'ura wadda idan mahayi ya kai gudun da yake so, sai ya danna maɓalli, ita kuma ta karɓi aikin totur daga hannunsa, ta riƙe babur a kan wannan gudu ko da hanya ta yi ɗan hawa ko ɗan gangara. A wannan maƙala za mu kira ta na'urar riƙe gudu.

Masu hawan irin wannan babur suna da wani kuka da suke yawan yi. Mutum yana tafe a kan kwalta mai kyau, na'ura ta riƙe masa kilomita 90 a sa'a, hannunsa ya huta. Da zarar ya shiga inda hanya ta farfashe, ko ya tsallaka layin dogo, sai ya ji babur ya yi sanyi kamar an janye shi ta baya. Bai taka birki ba, bai taɓa maɓalli ba, amma na'ura ta sakar masa aikin. Abin da yakan fara zuwa zuciyarsa shi ne ta lalace.

Shin lalacewa ce, ko kuwa haka aka ƙera ta? Amsar wannan tambaya ta shafi lafiyar mahayi kai tsaye. Har ila yau akwai darasi a cikinta ga ɗalibin ilimin halittu, domin dokar da na'urar ke bi ita ce wadda jikin ɗan Adam ke bi wajen tafiyar da kansa.

Babur ɗin da ake magana a kai

Fasali biyu ne suka fi shahara. Na farko yana da taya ɗaya a gaba, biyu a baya, kamar Tri Glide wanda kamfanin Harley-Davidson na Amurka ya fito da shi a matsayin samfurin shekarar 2009. Na biyu yana da taya biyu a gaba, ɗaya a baya, kamar Can-Am Spyder wanda kamfanin BRP na lardin Kwibek a Kanada ya ƙaddamar a 2007. Mai karatu ya san fasali na farko a jikin Keke Napep, wanda Kanawa ke kira A Daidaita Sahu. Shi keken haya ba a sa masa na'urar riƙe gudu, amma yadda tayoyinsa uku ke haɗuwa da ramuka daidai yake da na waɗancan manyan babura, kuma za mu ga muhimmancin haka nan gaba.

Asalin na'urar da yadda take aiki

Tunanin a sa inji ya kula da gudun kansa tsoho ne. A 1788 James Watt ya ɗaura wa injin tururi wasu ƙwallaye biyu na ƙarfe masu juyawa tare da injin. Idan gudu ya yi yawa sai ƙwallayen su buɗe, su ja wani hannu da ke rage tururi. Idan gudu ya ragu sai su rufe, tururi ya ƙaru. A 1868 James Clerk Maxwell ya yi bayanin lissafin irin wannan na'ura, har da dalilin da ya sa wani lokaci takan wuce gona da iri wajen gyara, inji ya dinga hawa da sauka ya kasa tsayawa wuri ɗaya.

Wanda ya kawo dabarar cikin mota ta zamani shi ne Ralph Teetor, wani injiniya ɗan jihar Indiyana ta Amurka, wanda ya makance tun yana ɗan shekara biyar. Ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1950. Kamfanin Chrysler ya fara sa ta a motocinsa a 1958, sa'an nan Cadillac ya biyo baya da sunan Cruise Control, wanda shi ne ya bi ta har yau.

A babur na zamani aikin ya rabu gida uku. Akwai ma'auni da ke faɗin gudun da ake yi. Akwai ƙaramar kwamfuta da ke gwada wannan gudu da wanda mahayi ya zaɓa. Akwai kuma ɗan injin lantarki da ke buɗe totur ko rufe shi bisa umarnin kwamfutar. Idan an zaɓi kilomita 90 amma ma'auni ya ce 87, sai a ƙara totur. Idan ya ce 93, sai a rage. Sakamakon kowane gyara yakan komo wurin ma'auni, a sake aunawa, a sake gyarawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Wannan zagaye na auna, gwada, gyara, shi za mu kira kewayen gyara.

Irin wannan kewaye a jikin ɗan Adam

Ɗalibin da ya karanta darasin zafin jiki ya riga ya san wannan tsari. Zafin cikin jikin mutum yana tsaye a wajen digiri 37 na ma'aunin Selshiyos. Wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus yana karɓar rahoto daga fata da jini. In zafi ya haura sai gumi ya karyo, jijiyoyin jini na fata su buɗe. In ya sauka sai a fara makyarkyata. Masanin Faransa Claude Bernard shi ne ya fara jawo hankali a ƙarni na 19 ga yadda cikin jiki ke zama daram duk da sauyin waje, kuma a 1926 Walter Cannon na Amurka ya raɗa wa abin suna homiyostasis, watau daidaituwar cikin jiki.

Misalin da ya fi kusa da batunmu shi ne tafiya da ƙafa. Yarinyar da ta ɗauko tulu a ka tana hira da ƙawarta ba ta lissafin takunta. A 1911 Thomas Graham Brown ya nuna, ta hanyar gwaji a kan kyanwa, cewa laka tana iya samar da tsarin ɗaga ƙafa da ajiye ƙafa ba tare da umarni daga ƙwaƙwalwa a kowane taku ba. Ke nan jiki ma yana da tasa na'urar riƙe gudu. To amma bari yarinyar nan ta yi tuntuɓe da dutse. Nan take hira ta yanke, tsarin tafiya ya katse, hannu ya kai ga tulu, ido ya koma ƙasa. Sai ta tabbatar ta tsaya daidai kafin ta ci gaba. Ba wanda zai ce jikinta ya lalace don ya katse tafiya a wannan lokaci. Mai karatu ya riƙe wannan misali.

Abin da gargada ke yi wa ƙafa uku

Babur mai ƙafa biyu sawu ɗaya yake bari a ƙasa, don haka mahayi na iya ratsawa ta gefen rami. Mota sawu biyu take bari, direba na iya sa rami a tsakanin tayoyi. Shi kuwa mai ƙafa uku sawu uku yake bari: hagu, tsakiya, dama. Idan ya kauce da tayar tsakiya, ta gefe ta faɗa. Idan ya sa ramin a tsakiya, tayar da ke ita kaɗai ta faɗa. Bugu da ƙari, ba ya kwantawa gefe kamar mai ƙafa biyu, saboda haka duk lokacin da tayar gefe ɗaya ta hau tudu, sai gangar jikin babur ta girgiza hagu da dama, girgizar ta bi har hannu da ƙafar mahayi.

Saurin dukan ma abin lura ne. A hanyar burji da motoci suka daɗe suna bi akan sami kunya-kunya a jere kamar gonar da aka yi wa huɗa. Keith Mather ya nuna ta hanyar gwaji, a wani rubutu da ya fito a 1963, cewa tayoyin ne da kansu ke gina waɗannan kunyoyi in suna wucewa da sauri a kan ƙasa mai garari. Mu ɗauka, alal misali, tsakanin kunya da kunya rabin mita ne, babur kuma yana gudun kilomita 72 a sa'a, watau mita 20 a daƙiƙa. Kowace taya za ta sha duka 40 cikin daƙiƙa ɗaya. Sifirin da shokazoba suna ƙoƙarin danne taya a ƙasa, amma a irin wannan sauri dole wani lokaci ta rabu da ƙasa na ɗan ƙiftawar ido.

Hanyoyi huɗu da na'urar ke saki

Hanya ta farko ta ma'aunin gudu ce. A jikin taya akwai zobe mai haƙora, kusa da shi kuma akwai ɗan ma'auni mai aiki da maganaɗisu. Duk haƙorin da ya wuce sai ya aika da bugun lantarki ɗaya, kwamfuta ta ƙidaya. Mu ƙaddara kewayen taya mita 2 ne, zobe kuma yana da haƙora 48. A gudun mita 20 a daƙiƙa taya za ta juya sau 10, bugu 480 ke nan a daƙiƙa. Yanzu tayar baya, wadda inji ke juyawa, ta yi tsalle ta bar ƙasa. Tun da babu abin da ke riƙe ta, sai ta ƙara sauri, a ce da kashi 10 cikin ɗari. Bugu ya koma 528, wanda a lissafin kwamfuta kilomita 79 ne da 'yan kai, alhali tayar gaba tana nan tana faɗin 72. Shaidu biyu sun saɓa. Duk wanda ya taɓa karatu a cikin mota har zuciyarsa ta tashi ya ɗanɗana irin wannan saɓani: ido na cewa ana zaune, ma'aunin motsi da ke can cikin kunne na cewa ana tafiya.

Hanya ta biyu ta biyo bayan ta farko. Manyan baburan nan suna da na'urorin tsaro da aka gada daga mota. Birkin ABS, mai hana taya kullewa, kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a motocin Mercedes-Benz a 1978, BMW kuma ya sa shi a babur a 1988. Daga baya aka ƙara na'urar hana taya sulɓi da ta hana abin hawa juyewa. Can-Am Spyder ya zo da duka ukun tun farkonsa, tare da ma'aunin da ke jin juyawar gangar jiki, wanda aikinsa ya yi kama da na bututu uku masu ruwa da ke cikin kowane kunnenmu. Idan waɗannan na'urori suka ga taya tana sulɓi, sai su rage ƙarfin inji. Ita kuwa na'urar riƙe gudu, ganin gudu ya ragu, ƙara totur za ta so yi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Saboda haka maƙera suka tsara cewa da zarar na'urar tsaro ta sa baki, ta riƙe gudu ta janye.

Hanya ta uku ta makunnin birki ce. A ƙarƙashin fedar birki akwai ɗan makunni da ke kunna jar fitilar baya, kuma shi ne ke gaya wa kwamfuta cewa mahayi ya taka birki. Dokar motsi ta farko da Isaac Newton ya bayyana a 1687 ta ce abu yakan ci gaba da kasancewa a halin da yake sai an tilasta masa sauyawa. Idan tudu ya cilla gangar babur sama farat ɗaya, feda mai nauyi takan ɗan yi jinkiri, sai ya zama kamar an danna ta ƙasa. In sifirin da ke mayar da ita ya yi laushi, ko makunnin ya matso kusa ƙwarai, sai lantarki ya haɗu na ɗan lokaci kaɗan. Kwamfuta ba ta da hanyar bambance wannan da takun gaske. Haka kuma mahayin da ya ɗora ƙafarsa a saman feda, girgiza na iya sa shi takawa bai sani ba.

Hanya ta huɗu ta hannu da wayoyi ce. A baburan Harley-Davidson, murza totur baya har ƙarshe yana kashe na'urar, kuma hannun da rami ya girgiza na iya yin haka ba da niyya ba. A masu kuloci akwai makunni a jikin hannun kulocin, shi ma yana iya motsawa. Sa'an nan akwai mahaɗar waya da ta yi sako-sako ko ta yi tsatsa: a hanya mai kyau tana riƙe da kanta, a gargada sai ta dinga yankewa tana dawowa.

Hikimar saki

Mai tambaya zai ce, me ya hana a ƙera na'urar ta yi haƙuri, ta ƙyale waɗannan ƙananan saƙonni? Gaskiya ne maƙera sukan tace saƙo don kada kowane ɗan motsi ya firgita kwamfuta, amma tacewa tana da iyaka. Mu auna kuskure iri biyu. Na farko, na'ura ta saki alhali babu haɗari: asarar ita ce babur ya ɗan yi sanyi, mahayi ya ji haushi, ya sake danna maɓalli. Na biyu, na'ura ta ƙi saki alhali takun birkin na gaske ne, ko taya na sulɓi a kan tsakuwa: inji zai ci gaba da turawa a daidai lokacin da ake bukatar ya lafa. A gudun mita 20 a daƙiƙa, jinkirin daƙiƙa ɗaya tafiyar mita 20 ce, kuma tana iya zama tazarar da ke tsakanin babur da abin da ya tare hanya. Kuskure na farko araha ne, na biyu kuwa yana iya cin rai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Jikin halitta ma wannan ciniki yake yi. Likitan Amurka Randolph Nesse ya kwatanta hanyoyin kariyar jiki, irin su tari da amai da tsoro, da na'urar gargaɗin gobara, wadda aka yarda ta yi ƙara a kan hayaƙin girki sau da yawa don kada ta yi shiru ranar da wuta ta tashi. Ido yakan ƙifta ko da abin da ya nufo shi ba zai taɓa shi ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Zabura goma a banza ba ta kai sara ɗaya tsada ba.

Akwai kuma wani dalili. Na'urar riƙe gudu makauniya ce ga hanya. Lamba ɗaya kawai ta sani. Mahayi ne ke ganin rami da kwana da yashi. Lokacin da lambar ta zama abar shakka, mafi alheri shi ne a mayar da aiki ga mai ido, kamar yadda laka ta mayar da tafiya ga ƙwaƙwalwa sa'ad da mai tulu ta yi tuntuɓe. Shi ya sa littattafan jagora na ababen hawa ke gargaɗin kada a yi amfani da na'urar a hanya mai santsi ko tsakuwa ko yawan kwana.

Yaushe ne abin ya zama ciwo?

Tari kariya ne, amma tarin da ya ƙi tsayawa alamar ciwo ne. Haka nan idan na'ura ta saki a hanyar da ta lalace sosai, aikinta ta yi, kuma abin da ya kamata shi ne mahayi ya rage gudu, ya riƙe totur da hannunsa har ya fita daga wurin. Amma idan tana saki a kan ɗan ƙaramin faci da bai kai ya kawo ba, ko ta fara yin haka a hanyar da a da ba ta yi, sai a bincika.

Ana farawa da mai sauƙi. A duba iskar taya, domin tayar da ta cika iska tsalle take yi kamar ƙwallo. A duba shokazoba ko tana yoyon mai. Babur yana tsaye, a taɓa fedar birki a hankali a ga tazarar da take yi kafin jar fitila ta kama. In ta kama tun ba a kai ko'ina ba, makunni na bukatar gyaran zama. Wani ya bi mahayi a baya a wuri marar cunkoso, ya lura ko fitilar birki tana walƙiya a kan gargada ba tare da an taka ba. A duba ma'aunin taya ko laka da ɓurɓushin ƙarfe sun manne masa, a duba mahaɗar wayoyi. Makaniken da ke da na'urar karanta kwamfutar babur zai iya ganin ko ta ajiye alamar wata matsala. Abin da ba a yi ko kusa shi ne cire makunnin birki ko kashe na'urar tsaro don kawai a huta da sakin. Wannan daidai yake da kashe jijiyar jin zafi don ƙaya ta daina damun ƙafa.

Gwaji a aji

Malami na iya nuna hanya ta uku da kayan da ba su da tsada. A samo guntun katako, siririn ƙarfe mai lanƙwasa da aka yanko daga gwangwani, noti ɗaya, ƙusa biyu, batirin tocila, ƙwan tocila da waya. A kafe gefe ɗaya na ƙarfen a kan katako da ƙusa, a ɗaure noti a ɗaya gefen, a tanƙwara shi ya tsaya sama kaɗan da kan ƙusa ta biyu ba tare da ya taɓa ta ba. A haɗa waya daga ƙusa ta farko zuwa batir, daga batir zuwa ƙwai, daga ƙwai zuwa ƙusa ta biyu. Ɗalibi ya buga katakon a kan tebur. Ƙwan zai yi walƙiya ko da yake ba wanda ya danna ƙarfen. A ƙara tazara a sake bugawa, sa'an nan a sauya noti da wanda ya fi nauyi, ɗalibai su rubuta abin da suka gani. A yi hattara da bakin gwangwani, yana yanka.

Kammalawa

Mun ga cewa na'urar riƙe gudu tana aiki ne da kewayen gyara, irin wanda ke riƙe zafin jikinmu da takunmu. Kewayen ya dogara kacokan a kan gaskiyar rahoton da ke shigo masa. Gargada tana gurɓata rahoton, kuma ƙafa uku ta fi ƙafa biyu haɗuwa da gargada. A irin wannan hali an tsara na'urar ta miƙa wa mahayi aikinsa. Abin da ya rage gare shi shi ne hannunsa ya kasance a kan totur a shirye, ya kuma san bambanci tsakanin sakin da ke kare shi da sakin da ke nuna wani abu ya kwance.

Tambayoyi ga ɗalibai

1. Kawo sassa uku na kewayen gyara, ka nuna takwaran kowane a tsarin riƙe zafin jikin mutum.

2. Babur yana gudun kilomita 54 a sa'a a hanyar da tsakanin kunyoyinta ya kai santimita 75. Duka nawa kowace taya za ta sha a daƙiƙa ɗaya?

3. Me ya sa tayar da inji ke juyawa ta fi sauran ba da rahoton ƙarya idan ta bar ƙasa?

4. Kawo misali biyu na kariyar jiki da ke tashi ko da babu haɗari, ka bayyana abin da zai faru da halittar da ba ta da su.